Sanduna huɗu a hannu biyu: yadda ake koyon riƙon kiɗan marimba

A ƙasar Arewa, daga Sukukutane zuwa Matankari, daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri, an san makaɗi da sanda guda. Mai kalangu ko mai ganga yana riƙe da lanƙwasasshiyar sandarsa a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma yana nasa aikin. Shi ya sa hotunan bidiyon da ke yawo a wayoyin salula, inda ake ganin mutum ɗaya riƙe da sanduna huɗu, biyu a kowane hannu, yana bin jerin alluna da gudu, suke ɗaure wa mutane kai. Har akan ji mai cewa haɗin kwamfuta ne. To, hannun ɗan Adam ne. Abin kiɗan ana kiransa marimba, riƙon kuma yana da ƙa'idoji da sunaye da malamai, kuma wanda ya san hanyarsa zai iya fara koyonsa ko da bai taɓa ganin marimba ido da ido ba.

Marimba jerin alluna ne na icce, an shimfiɗa su daga dogo mai kaurin murya zuwa gajere mai siririyar murya, kowane allo da bututu a ƙarƙashinsa mai ƙara masa amo. Babbar marimbar da ake hawa dandali da ita a yau tana da alluna 61, tsawonta ya fi mita biyu da rabi, an kuma jera allunan layi biyu kamar maɓallan piyano. Kuɗinta na kaiwa miliyoyin CFA. Tana da ƴan uwa da ake kaɗawa da irin wannan riƙo, babba a cikinsu shi ne bibrafon, mai allunan ƙarfe, wanda makaɗan jaz na Amurka suka ɗaukaka.

Duk wanda ya taɓa ganin balafon na mutanen Mali ko Gine ko Burkina Faso zai gane dangantakar nan take. Tun a shekarar 1352, matafiyin nan Ibn Battuta ya ga ana kaɗa wani abu mai ƴan ƙorai a ƙarƙashinsa a fadar Mansa Sulaiman na Mali. A garin Niagassola na ƙasar Gine, zuri'ar Kuyate na ajiye da Sosso Bala, balafon da tarihin baka ya danganta da Sumaworo Kante da zamanin Sunjata Keita a ƙarni na 13, hukumar UNESCO kuma ta sanya shi cikin muhimman kayan gadon ɗan Adam a 2001. Bayin da aka kwasa daga Afirka sun ƙetara teku da ilimin wannan kiɗa. A ƙasar Gwatamala, inda marimba ta zama abin kiɗan ƙasa, wani mai suna Sebastián Hurtado ya ƙara mata layi na biyu na alluna a 1894 a garin Quetzaltenango. Har yanzu marimbar can tana da zizar nan da kunnen Afirka ya saba da ita: masu balafon na toshe ƴar ƙofa a jikin duma da yanar gizo-gizo ko takarda siririya don ta yi ziza, ƴan Gwatamala da Meziko kuma suna sa wata fata siririya ta hanjin dabba don su sami abu guda.

Me ya kawo sanduna huɗu?

Mai kalangu yana sauya murya ne da hammatarsa. In ya matse tsarkiyar, fata ta ɗaure, murya ta hau; in ya saki, ta sauka. Da sanda ɗaya yake fitar da muryoyi da yawa, har kalangu ya yi magana, ya kira sunan mutum da na kakansa. Allon marimba ba shi da wannan baiwa. Kowane allo murya ɗaya tak gare shi, kuma da an buge shi amon ya soma mutuwa. Wanda ke son muryoyi uku ko huɗu su tashi tare, kamar yadda mai piyano ke danna yatsu da yawa a lokaci guda, dole ya sami kawunan sanda uku ko huɗu su faɗi tare. A Gwatamala an warware matsalar da yawan mutane: maza uku ko huɗu su jeru a kan marimba ɗaya, wannan ya riƙe ƙasa, wancan tsakiya, ɗayan ya ja waƙa. Riƙon sanduna huɗu yana sa mutum ɗaya ya ɗauki aikin mutum biyu, hannun hagu yana amshi, na dama yana bayar da waƙa.

Riƙe sanduna da yawa a hannu ɗaya ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Maƙwabtan Arawa, Zabarmawa, suna kaɗa ƙwaryar gasu da tsinkayen da aka ɗaure wuri guda, a baje kamar yatsun hannu. Amma waɗannan tsinkaye tare suke tashi, tare suke faɗuwa. Wahalar marimba duka tana nan: sanduna biyu a hannu ɗaya, wani lokaci su faɗi tare, wani lokaci ɗaya ta buga ɗayar tana tsaye cik ba ta motsa ba, kuma a cikin ƙiftawar ido tazarar da ke tsakaninsu ta buɗe ko ta tsuke gwargwadon allunan da ake nema.

Riƙo iri uku

Malaman wannan kiɗa sun ba sandunan lamba daga hagu zuwa dama, 1 zuwa 4. Ta 1 da ta 4 su ne na waje, ta 2 da ta 3 su ne na ciki, masu kusa da babban yatsa. Kusan duk makaɗan duniya suna kan ɗaya daga cikin riƙo uku ne.

Mafi tsufa shi ne riƙon gicciye na gargajiya. Ana gicciya gindin sandunan biyu a cikin tafin hannu, tafin yana kallon ƙasa, yatsan zobe da ƙaramin yatsa su danne wurin gicciyen, manuniya ta shiga tsakanin sandunan. In ana son buɗewa, babban yatsa da manuniya su tura sandunan gefe da gefe kamar ana buɗe almakashi. Shi ne mafi saurin shiga hannu, yana kuma da ƙarfi. Keiko Abe, ƴar ƙasar Japan da aka haifa a 1937, wadda ta yi aiki da kamfanin Yamaha har aka fito da marimba mai alluna 61 a 1984, da shi ta yi suna a duniya. Wannan kaɗai ya isa amsa ga masu ganin riƙon ya tsufa.

Na biyu shi ne riƙon Burton, daga sunan Gary Burton, Ba'amurke mai kaɗa bibrafon da aka haifa a 1943, wanda ya fito da shi a shekarun 1960. Shi ma gicciye ne, sai dai an juya shi: sandar waje ce ke manne da tafin hannu, tana fita tsakanin manuniya da yatsan tsakiya, ta ciki kuma tana ƙarƙashinta, babban yatsa da manuniya suna riƙe da ita, ƙananan yatsu biyu suna jan gindinta don buɗewa da rufewa. Amfanin wannan juyi shi ne sandar waje ta hannun dama, wato ta 4, tana zama kamar ci gaban hannun kansa, ta yi gudu ta yi ƙarfi kamar mai riƙe da sanda guda. Makaɗan jaz, da suke ƙirƙirar waƙa nan take a kan dandali, yawancinsu a nan suka tsaya.

Na uku ya sha bamban, don sandunan ba sa taɓa juna ko kaɗan. Asalinsa daga Clair Omar Musser ne (1901 zuwa 1998), mutumin da ya jagoranci makaɗan marimba 100 a bajekolin duniya na birnin Chicago a 1933. Leigh Howard Stevens, wanda aka haifa a 1953, shi ya gyara riƙon, ya bayyana shi dalla-dalla a littafinsa Method of Movement for Marimba na 1979, har sunansa ya bi shi. A nan hannu a tsaye yake kamar za a gaisa, babban yatsa yana sama. Sandar waje tana ratsawa tsakanin yatsan tsakiya da na zobe, yatsan zobe da ƙaramin yatsa su naɗe ta. Ta ciki kuma ƙarshen gindinta yana tokare da tsakiyar tafi, kan yatsan tsakiya ya tallafe shi, jikinta ya kwanta a kan gaɓar farko ta manuniya, babban yatsa ya dafa ta a hankali. Da yake a can ƙarshe ake riƙe sandunan, ana iya buɗe su sosai, kuma kowace tana da ƴancin kanta. Kuɗin da ake biya shi ne lokaci. Ƙananan yatsu biyun nan, da ba su saba ɗaukar komai su kaɗai ba, sai sun yi makonni kafin su yi ƙarfi, kuma gefen yatsan tsakiya yakan yi bororo kafin ya yi kanta. Makaɗa da yawa suna naɗa filasta a wurin.

A makarantun kiɗa na Amurka riƙon Stevens ya mamaye marimba, har ɗalibai kan ɗauka shi ne kawai daidai. Gardama ce irin ta masu kokowa a kan wane kamu ya fi: wanda ya iya nasa shi ke kayarwa. Akwai ma masu riƙe shida, uku a kowane hannu, amma wannan zance ne na gaba.

Yadda ake farawa

Kuskuren da ya fi yawa ga mai koyo shi ne damƙa. Tsoron kada sanda ta suɓuce yana sa a matse yatsu, matsewar ta hau zuwa wuyan hannu, ta kai gwiwar hannu, ta kai kafaɗa. Amon da ke fita daga matsattsen hannu busasshe ne, kuma in aka daɗe a haka jijiya na iya kumbura. Masu kalangu sun san wannan tun suna yara: sandar da aka shaƙe ba ta tsalle daga kan fata. Riƙon kirki shi ne wanda in wani ya zo ya fizgi sandar, za ta fita ba da kokowa ba.

Don haka makon farko ba na kiɗa ba ne. Mai koyo ya riƙe sandunan hannu ɗaya kawai, ya zauna a tabarma ko gaban katifa, ya ɗaga ya sake, yana duba ko kawunan biyu suna sauka tare kuma tsayinsu ɗaya. In ɗaya ta riga ɗaya isa ƙasa, za a ji "ta-ram" maimakon "tam". Kunne ne alƙali a nan, ya fi ido. Minti goma ko goma sha biyar, sau biyu ko uku a yini, sun fi awa biyu a zama ɗaya amfani. Gajiyar tsoka ba komai ba ce. Amma zafi mai suka a wuyan hannu, ko yatsu su riƙa mutuwa, alama ce ta a ajiye sanda a huta, in ya ƙi tafiya a ga likita.

Stevens ya kasa bugun zuwa iri huɗu, kuma ko masu wani riƙon suna amfani da wannan rabo. Na farko shi ne wanda aka ambata, sanduna biyu su faɗi tare, motsin yana fitowa daga wuyan hannu. Na biyu, sanda ɗaya ta buga ita kaɗai, a nan ne kuma ake gumi. Ba ɗaga hannu ake yi ba, murɗa shi ake, kamar mai murɗa makulli a cikin kwaɗo. Sandar da ba ta aiki ita ce turken da hannu ke juyawa a kansa, kanta ya tsaya wuri guda yayin da ƴar uwarta ke hawa da sauka. Mai koyo zai iya gwada kansa: ya kafa ido a kan sandar da ke hutawa, in tana rawa, murɗin bai daidaita ba. Na uku shi ne sandunan hannu ɗaya su riƙa karɓa-karɓa, ta waje, ta ciki, ta waje, ta ciki, kowace da nata murɗin. Na huɗu, motsi ɗaya ya haifi bugu biyu a jere, hannu ya sauko da sanda ɗaya ya mirgina kan ɗayar. In hannu biyu suka haɗa wannan da sauri, shi ne amon nan mai kama da kwararar ruwa da ke sa mai kallon bidiyo ya ce ba mutum ba ne.

Bayan bugu sai tazara. Ana farawa da buɗewa matsakaiciya, kamar allo na ɗaya da na biyar, inda hannu ya fi sakewa, daga nan a tsuke zuwa na uku, a buɗe zuwa na takwas. Ƙa'idar ita ce a sauya tazarar tun sanda tana sama, a kan hanyarta ta dawowa daga bugun da ya wuce. Wanda ya jira sai ya iso kan allo sannan ya fara gyara yatsu, kiɗa ya riga ya bar shi. Wani abin da ke ba sababbi mamaki: allunan ƙasa sun fi na sama faɗi, saboda haka tazarar muryoyi iri ɗaya tana buƙatar buɗewa dabam a kowane gefen marimbar. Ƙafa ma tana aiki, don ba a kaɗa abu mai tsawon mita biyu da rabi a tsaye wuri ɗaya.

A nan ɗan gidan makaɗa yana da riba a kan ɗan makarantar Turai. Abin da ke cin watanni a can shi ne raba hankali biyu, hannun dama yana wani kiɗa, na hagu yana wani. Yaron da ya tashi yana kallon mai ganga yana bugu da sanda a hannu ɗaya, yatsun ɗaya hannun suna danna fata suna ba da amsa, ko yarinyar da ta saba shiga tsakanin luguden mata uku a turmi ɗaya ba tare da taɓarya ta ci karo ba, sun riga sun sha wannan darasi. Abin da ya rage musu shi ne yatsu da sanin wurin kowace murya.

In babu marimba fa?

Gaskiyar magana, marimbar dandali ba abu ba ce da matashi a Sukukutane zai tara kuɗin saye daga cin rani. Amma sandunan ba su fi ƙarfin kowa ba. Tsawonsu ya ɗan haura santimita 40, kaurinsu bai kai na ƙaramin yatsa ba. A waje ana yin su da wani icce mara lanƙwasa ko da wata irin gora mai ɗan lanƙwasa. Masu riƙon Stevens sun fi son mara lanƙwasa, masu bibrafon sun fi son mai lanƙwasa. A gida, miƙaƙƙiyar sandar geza da aka kankare ta yi sumul za ta yi, a naɗa mata tsinken robar tayar keke a kai har ya yi dunƙule kamar ƙwan zabo, a bi shi da zaren saƙa. Abin lura kawai shi ne huɗun su zo daidai a tsawo da nauyi. Sai a zana alluna da gawayi ko alli a kan benci, kowane faɗinsa kamar santimita biyar ko shida, a shimfiɗa tsumma. Ɗaliban manyan makarantu ma da irin wannan allo mara murya suke atisaye a ɗakunan kwanansu.

Masassaƙin da ke son ya gwada yin alluna masu murya yana buƙatar sanin abu biyu. Na ɗaya, kowane allo yana da wurare biyu da ba sa girgiza in an buge shi, kusan kashi 22 cikin 100 na tsawonsa daga kowane ƙarshe. A nan ake huda shi ko a ɗaure shi da igiya. In an ɗaure a wani wuri, an shaƙe muryar. Ana gano wurin ta hanyar barbaɗa garin icce ko rairayi a kan allon a riƙa ƙwanƙwasawa, garin zai taru a can da kansa. Wannan wuri kuma shi ne wanda mai kiɗa ke gudun bugawa, tsakiyar allo ake nema. Na biyu, in aka rage cikin allon daga ƙasa a tsakiya, murya na sauka. In aka rage bakinsa, tana hawa. Masu yin balafon suna gasa iccen a kan wuta mara ƙarfi na tsawon lokaci kafin su daidaita shi, don ɗanyen icce ba ya riƙe murya.

Iccen kansa ya zama abin damuwa. Mafi yawan balafon na ƙasashen Mande da madobiya ake yin su, wadda a Nijar sai can kudu ake samunta, wajen Gaya da gandun dajin W. Sarar da aka yi mata a Afirka ta Yamma don kai wa masu yin kujeru da gadaje a ƙasar Sin ta sa aka shigar da ita cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido tun daga 2017, a 2022 kuma aka dakatar da cinikinta daga ƙasashe da dama na yankin. Iccen da ake yin manyan marimbobi da shi, wanda ke fitowa daga Amurka ta Tsakiya, shi ma yana cikin wannan jeri. Mai koyo ba ya buƙatar a kayar masa da madobiya. Ragowar katakon kafinta mai tauri ya ishe shi shekarar farko.

Wanda abin ya shiga ransa sosai, hanyarsa ta Yamai ce, kimanin kilomita 270 daga Dogon Dutsi, inda cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM mai ɗauke da sunan Elhaji Taya take, da ɗakinta na ajiye kayan kiɗan gargajiya. Cibiyar ta saba da masu ɗaukar abin kiɗan da ba na gidansu ba. Marigayi Malam Maman Barka, wanda ya rasu a 2018, da gurmi aka fara saninsa, sannan ya tafi bakin tafkin Chadi ya zauna gaban Bukar Tar ya koyi biram na Buduma, ya kuma kai shi dandalin duniya.

Saura tambayar da mai balafon zai yi: wane riƙo ya dace da nasa abin kiɗan? Sandunan balafon gajeru ne, masu kauri da nauyin kai, an yi su don hannu ya damƙi guda ɗaya ya buga da ƙarfi a filin biki. Ƙananan yatsu biyu na riƙon Stevens ba za su daɗe da irin wannan nauyi ba. Riƙon gicciye, na gargajiya ko na Burton, ya fi jure shi, musamman in an fere sandunan sun ɗan sirance an kuma ƙara musu tsawo. Kuma da yake allunan balafon layi ɗaya ne, yawanci 17 zuwa 21, babu hawa layi na biyu da ke tilasta wa mai marimba karkatar da gwiwar hannunsa. Buɗewa da tsukewa kawai zai koya.